Ranar da Baba Tsani Ya Kifa Tara

Ku da kuke ta cewa shugaban ƙasa ne ke ƙara kuɗin mai, ku zo unguwarmu a gyara muku zance. Mu nan mun san mai ƙarawa. Mun san gidansa, mun san matarsa, har silifas ɗinsa mun sani, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Baba Tsani ake ce masa.

Ni facin taya nake yi a jikin katangar gidan man da ke bakin shatale-tale, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. In na ɗan ƙara gishiri, to kaɗan ne, daidai na ɗanɗano.

Baba Tsani gajere ne, irin gajeren da in ya tsaya bayan durom sai an yi cigiyarsa. Shekara ashirin da shida yana aiki a gidan man nan. Shara tasa ce, wanke ban-ɗaki nasa ne, shi ke ba wasu furanni ruwa waɗanda suka mutu tun kafin a haifi Manajan yanzu. Amma babban aikinsa, wanda ya ba shi suna, shi ne allon farashi. Allon yana can saman wani dogon ƙarfe, tsawon da in ka hau kana iya hango jibi. Gurbi uku gare shi, kowane gurbi ana zura masa lamba ta ƙarfe mai faɗin faifai. Duk ranar da farashi ya canza, Baba zai ɗauko tsani daga bayan ofis, ya jingina, ya hau, ya zare tsohuwar lamba ya zura sabuwa.

Wani abu kuma, Baba bai yi boko ba, ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Sai ya raɗa wa lambobin sunayen da zai gane su. Ɗaya sanda ce, biyu agwagwa, bakwai lauje, takwas mai ɗamara, sifili ƙwai. Shida mai ciki, tara mai ƙaton kai. Kuma saboda masu gidan man marowata ne, ƙarfe ɗaya suka saya na shida da tara. In kan yana sama tara ce, in cikin yana ƙasa shida ce. Haka duk manajojin da aka yi suka koyi yarensa.

"Baba, cire agwagwa, sa lauje."

"An gama, ranka ya daɗe."

A zamanin da, sai a shekara biyu bai hau ba. Gizo-gizo ya yi gidan sama a tsanin, wata kaza ma ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashinsa har sau uku. Da allon yake lissafin shekarun 'ya'yansa. In ka tambaye shi yaushe aka haifi babbar 'yarsa, wadda ke aure a wani gari, sai ya ce, "Ai tun ana lauje da ƙwai." Mutum ne mai sanyi, ba ya faɗa ko da ƙuda. Matarsa, Goggo Tela, ita ce mai bakin gidan. Keken ɗinkinta na tsakar gida, almakashinta kullum a rataye a wuya, kuma da shi take nuna mutum in tana magana.

Sai aka yi zaɓe. Ƙanin Goggo Tela, wani ɗan jam'iyya da muke kira Lasifika, don ko raɗa zai yi maka sai an ji a kasuwa, shi ya yi ta zarya gidan Baba yana cewa wannan ɗan takarar in ya hau, mai zai fi ruwa araha.

"Yaya, kai ne ma za ka fi kowa shan wahala," in ji shi. "Kullum kana sama kana ragewa. Sai mun saya maka man zafi."

Baba ya yi dariya, ya je ya dangwala. Har hoton ɗan takarar ya manna a ƙofar ɗakinsa.

To, maganar man zafi dai ta tabbata. Wata uku da rantsar da sabon shugaba, Baba ya hau tsani. Bayan sati shida ya sake hawa. Daga nan abin ya koma kamar shan magani. Ƙwaurin tsohon nan ya murɗe, ya zama kamar na ɗan ƙwallo. Kuma abin mamaki, kafin ƙafarsa ta dawo ƙasa labari ya riga ya zaga gari. Yana matakala ta uku mai burodi ya ƙara, yana ta bakwai kuɗin mota ya tashi, yana kaiwa sama mai gas ya goge allonsa ya sake rubutu. Takardar kuɗin lantarki ma ta zo da ƙiba, alhali wutar sai dai mu ji labarinta. Wallahi har kajin unguwarmu, in suka ga an fito da tsanin nan, ƙwan da za su saka ranar ƙanana ne.

A bencin da ke gindin bishiya kusa da rumfata, mutane suka rabu gida biyu. Akwai 'yan Shi Ne, akwai 'yan Ba Shi Ba Ne. Shugaban 'yan Shi Ne wani direba ne, Dogo Mai Bas, wanda tsadar mai ta sa ya ajiye motarsa ya lulluɓe ta da tamfal kamar gawa. Shugaban 'yan Ba Shi Ba Ne kuwa, wa kuke tsammani in ba Lasifika ba?

"Shi ne!" in ji Dogo. "Wa ya ce mu zaɓe shi mai zai yi araha? Kakata ce?"

"Ba shi ba ne! Gwamnatin da ta wuce ce ta bar rami."

"Shekara biyu ana cike rami? Rijiya ce?"

"Kai ba ka jin rediyo? Yaƙi ake yi a ƙetare, jiragen ruwa sun maƙale. Ga kuma 'yan zagon ƙasa."

"Su waye 'yan zagon ƙasan nan? Kullum zagon ƙasa, zagon ƙasa. Nuna min ɗaya in ga kalar hancinsa."

"Suna nan cikinmu," in ji Lasifika, yana kaɗa yatsa. "Ranar da Allah zai tona su tana zuwa."

Da fari wasa ake yi da Baba. In ya ɗauko tsani sai a ce, "Minista ya fito! Minista, yau kuma da me ka zo mana?" Shi ma ya yi murmushi ya ce, "Ni ɗan aike ne, 'ya'yana." Amma yunwa ba ta san wasa ba. A hankali dariyar ta riƙa gajarta. Wata rana yana sama aka jefe shi da ƙwallon mangwaro. Wata rana wata tsohuwa ta tsaya a gindin tsanin, ta ɗaga hannu biyu, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, ɗan nan." Rannan kuma wani da ba a gane ba ya wuce ya bangaji tsanin da kafaɗa, Baba ya rungume ƙarfe yana salati. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce wa mutumin don me.

Goggo Tela ta fara lura mata sun rage kawo ɗinki.

"Malam, ka bar aikin nan," ta ce masa, tana nuna shi da almakashi.

"In bari in ci me? Shekara ashirin da shida."

"Jiya a wajen famfon ruwa ina zuwa suka yi shiru. Ka san shirun da ake yi in an ga matar ɓarawo? Irinsa."

"Ai sun san ba ni nake yankewa ba."

"Sun sani mana. Amma shi wancan ina za su gan shi? Yana cikin talabijin. Kai kuwa ga ka, da wuyanka kamar na fara."

Ana nan, wata Laraba da yamma, Manaja ya kira Baba ofis. Manajan nan wani mai tumbi ne da ke fesa turare har sauro na faɗuwa in ya wuce. A lokacin lita tana ɗari takwas da tamanin.

"Baba, gobe da safe. Gurbin farko. Cire mai ɗamara, sa mai ƙaton kai."

Baba ya ce, "Ɗari guda a tashi ɗaya, ranka ya daɗe?"

"Ni na yanke? Daga sama aka bugo."

To nan dabara ta zo wa Baba, kuma dabarar matsoraci ita ke kai shi inda yake gudu. Ya ce a ransa, me zai sa in hau ta gaba kowa na kallona? Washegari gari na fara wayewa, kafin masu shara su fito, ya zagaya ta bayan allon, ya jingina tsani ta can. Akwai wani siririn ƙarfe da masu fenti ke takawa, ya hau kai, ya leƙo ta saman allon, kansa a ƙasa kamar jemage. Ya zare mai ɗamara. Ya ɗauko ɗayar, ya duba ta da kyau, ya tabbatar ƙaton kan yana sama, ya zura. Ya sauko yana jin daɗi ba wanda ya gan shi, ya shige bayan ofis ya kama wanke ban-ɗaki.

Abin da bai lissafa ba, wanda ke rataye kai a ƙasa, samansa ƙasan mutane ne. Abin da ya gani tara, titi ya gan shi shida.

Ɗari shida da tamanin.

Ni ina isowa da bakwai saura na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Layi ya fita daga gidan mai, ya zagaye shatale-tale sau biyu, ya miƙe har inda ido ba ya kai. Motoci, babura, masu jarka, masu galan, wata mata har da tukunya. Mutane na rungumar juna. Mai burodi, don Allah ya kama shi, ya rage farashi da kansa ba wanda ya tambaye shi.

Lasifika kuwa ya hau kan durom, jijiyar wuyansa kamar igiyar guga.

"Ban gaya muku ba? Ban gaya muku ba? Ɗari biyu a dare ɗaya! Ina 'yan Shi Ne? Yanzu ma ku ce shi ne mana!"

Sai ga Dogo Mai Bas. Ya yaye tamfal, kuma da yake ko ɗigon mai babu a tankin, turo motar ya yi tun daga ƙofar gidansa, shi da maƙwabtansa huɗu, gumi har cikin takalmi. Ya zo gaban Lasifika, ya cire hula.

"Na ci amanar bawan Allahn nan da bakina," ya ce, idonsa ya yi ja. "A gaya wa shugaba ya yafe min. Yau 'ya'yana za su ci abinci sau uku."

Ƙarfe takwas Manaja ya iso a kan babur ɗin haya. Ya ga taro, ya yi mamaki, ya ɗaga kai. Na rantse da idona na ga tumbin nan ya koma ciki. Ya rarrafa ta gefen katanga ya shige ofis, ya hana ma'aikata kunna famfo, ya aika a kira Baba. Tagar ofishin tana jikin rumfata, kuma ni ba na saurare, kunnena ne dai ba shi da murfi.

"Baba, me na ce ka sa?"

"Mai ƙaton kai."

"Leƙa ka gani."

Sai na ji muryar Baba ta koma kamar ta ɗan tsako. "Wallahi da kai na sa ta. Da kai na sa ta, ranka ya daɗe."

"To ta yi ciki. Hau ka juya ta."

"Yanzu? A gabansu? Ka fita ka yi musu bayani tukuna, kai za su ji maganarka."

"Ni na hau? Ka ji ni da kyau. In na sayar a haka, masu gidan nan za su kai ni inda ba a dawowa. In na ƙi sayarwa allon na nuna haka, mutanen nan za su ƙone mu da ni da kai da famfunan. Hanya ɗaya ce. Ka hau, ko ka ajiye tsintsiya, in fita in ce musu ga wanda ya yaudare su."

Baba ya fito da tsani a kafaɗa. Bayan allon ya riga ya cika da masu jarka, dole ta gaba. Goggo Tela, wadda labari ya kai mata, ta ratso taro da zaren ɗinki a gashinta, ta riƙe masa riga.

"Malam, ina za ka?"

"Kuskure na yi. Zan gyara."

Ta kalli allon, ta kalle shi, ta gane. "Kar ka hau. Ajiye mu tafi gida."

"In ban hau ba zai faɗa musu, kuma gidanmu sun san shi."

Ta sake shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai, da jama'a suka ga tsani, tafi suka kama. Aka buɗe masa hanya kamar ango. "Minista! Minista! Ƙara ragewa!" Wani ya riƙe masa tsanin, wani ya ce a yi masa addu'a. Lasifika na ihu, "Surukina ne! Mijin yayata ne! Hau, Yaya, umarni na biyu ya iso!"

Ya hau. Matakala goma sha takwas ce, na ƙirga, don a kowace sai ya tsaya. Ya kai sama, ya taka siririn ƙarfen gaba, ya zare lambar. Jama'a suka ɗauke numfashi. Ya juya ta, ya mayar.

Ɗari tara da tamanin.

Na sha jin shiru a rayuwata, har na maƙabarta, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Mutum dubu, kuma kana jin ƙarar tutar gidan mai tana kaɗawa. Sai idanu suka fara juyawa, ɗaya bayan ɗaya, zuwa kan durom inda Lasifika ke tsaye. Shi ya yi shela, shi ya sa aka turo motoci. Na ga ya kalli taron, ya kalli yayarsa, ya kalli sama. Ya lashi leɓe.

"Kun gani da idonku," ya ce, kuma ranar ce kaɗai na ji ya yi magana a hankali. Sannan ya buɗe murya. "Kun gani! Shugaba ya rage, an hau an mayar! Dogo, ba kai ka ce in nuna maka ɗan zagon ƙasa ba? Ga shi can. Kalli hancinsa!"

"Kai, ɗan Inna!" Goggo Tela ta ƙwala. "Ni na goya ka!"

Ba wanda ya ji ta. Dogo ya mayar da hularsa. Shekara biyu suna musu da Lasifika, ranar suka zama uwa ɗaya uba ɗaya.

"Ashe kai ne," ya ce, yana kallon sama. "Ashe duk kai ne."

Ya tako ba gaggawa, ya kama tsanin, ya janye shi daga jikin allon, ya kwantar a ƙasa a hankali kamar mai kwantar da jariri. Baba ya rage a sama, ƙafa kan ƙarfen da bai fi faɗin tafin hannu ba, hannu biyu rungume da allo.

"Kuskure ne!" yake cewa. "Ta baya na hau! Ku tambayi Manaja!"

Manaja ya kulle ofis ta ciki, har labule ya saki.

Ba a yi jifa ba. Da an yi ma da ya fi sauƙi. Tsayawa kawai suka yi suna kallonsa, rana na hawa. Wasu matasa suka dafa ƙarfen allon suka ɗan gwada ƙarfinsa, allon ya yi rawa. Can baya wani yana wasa da kwalin ashana, kas, kas, kas, a wurin da ko tari ka yi warin fetur ne ke fita. Sai Goggo Tela ta je ta jingina bayanta da ƙarfen, ta ciro almakashi daga wuya ta riƙe.

"Duk wanda zai girgiza, ya fara da ni. Na ɗinka wa uwayenku kayan suna, na san ku tun kuna tsirara."

Haka ta tsaya, shi a sama ita a ƙasa, har rana ta raba tsaka ta karkata. Zafi ne ya kore su, da kuma tunanin yadda za a tura motoci a koma. Suka riƙa tafiya ɗaya-ɗaya, kuma kowa kafin ya juya sai ya ɗaga kai ya ƙare wa Baba kallo, irin kallon da ake yi wa abin da ba a so a manta. Sai da wurin ya yi fili muka ɗaga tsanin ni da ita. Eh, sai da ya yi fili. Ni ma ina da 'ya'ya. Da ya sauko, yatsunsa sun ƙi miƙewa, a lanƙwashe ta ja shi gida.

Ko ƙwarzane ba a yi masa ba. Amma kafin sati labari ya yi 'ya'ya da jikoki. An ce 'yan adawa ke biyansa. An ce yana da gidaje uku a wani gari. An ce shi ya ƙara kuɗin gas, wata ma ta rantse ta gan shi a kan turken lantarki. Na ce musu, jama'a, mutumin da silifas ɗinsa ba su yi kama da juna ba? Aka ce ai ɓad-da-kama ne, aka kuma tambaye ni me ya sa nake kare shi. Na ja bakina. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ban shirya zama taiki na biyu ba.

A benci musu ya mutu. Ba 'yan Shi Ne, ba 'yan Ba Shi Ba Ne. Dogo da Lasifika kofi ɗaya suke shan ruwa.

Ranar da abin ya cika kwana tara, Goggo Tela ta buɗe ƙofa da safe za ta yi shara, sai ta ji ƙafarta ta jiƙe. Fetur ne aka tsiyaya tun daga bakin ƙofa har gindin tagar ɗakinsu. Ba a kunna ba. Ku dai ku duba, a wannan tsadar, mutum ya sayi lita biyu ko uku ya zubar a ƙasa don kawai ya isar da saƙo.

Ranar suka ɗaure kaya. Baba ya je tasha neman mota, direbobi suka ce duk motocin a cike suke, har waɗanda ke lulluɓe da tamfal. Baro ya aro. Suka ɗora keken ɗinki, katifa, tukwane, ya tura, tana biye da ƙullin kaya a ka, suka nufi hanyar garin 'yarsu da ƙafa. Sun wuce ta gaban bencin. Lasifika ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Ba wanda ya ce a sauka lafiya.

Tun da Baba ya tafi mai ya tashi sau biyu. Manaja ya nemi mai hawa, har ya ce zai ninka albashi, ba wanda ya amsa, don haka allon na nuna wani abu, famfo na karɓar wani. Jiya na ji Dogo na cewa, tunda an kori wancan kuma abin bai sauka ba, to ba shi kaɗai ba ne, akwai saura a cikin gidan man.

"Akwai," in ji Lasifika.

Suka zuba wa matar da ke riƙe da tiyo a famfo na biyu ido. Ita kuwa baiwar Allah ba ta ma sani ba, tana ta zuba wa wani mai babur, tana dariya.